Zare: Igiyar kakan babana, da tsinken goge bindigar da rashinsa ya ci rayuka a Biyetnam

1/ Hutun da ya wuce na je gida, muna kwashe kayan wani tsohon akwatin ƙarfe na kakata, sai na ci karo da wata siririyar igiya. Tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, bakinta ɗaya akwai ɗan dogon ƙarfen tagulla, ɗaya bakin kuma madaukai ne. Ni duk zatona irin ta magina ce ta duba miƙewar bango. 🧵

2/ Kaka ta ce, "Kai maigida, ajiye min kayan ubana. Da ita ya dawo daga yaƙin Bama, ta goge bindigarsa ce." Bama ta Asiya fa take nufi, wadda ake kira Myanmar yanzu, ba ta Barno ba. Na ce, "Kaka, igiya kuma a goge bindiga?" Ta ce in je in tambayi malaman namu tunda boko nake.

3/ Da muka dawo makaranta aka ba mu aikin rubutu kan yaƙin Biyetnam. Ina cikin karatu sai ga maganar kayan goge bindiga ta sake fitowa, wannan karon har gaban majalisar dokokin Amurka. Shi ne na bi zancen tun daga tushe. Ku biyo ni a hankali, zaren yana da ɗan tsawo.

4/ Kafin wani ya fara: ɗalibin tarihi ne ni, ban taɓa harba bindiga ba, kuma ba ita nake koyarwa ba. Abin da nake son nunawa shi ne, duk lokacin da soja ta sauya faɗin bututun bindiga, dole kayan gogewa su sauya tare da shi. An taɓa mantawa da hakan, kuma mutane sun mutu.

5/ Mu fara da kaliba. Kaliba dai ita ce faɗin ramin bututun bindiga. Ingila da Amurka da inci suke aunawa, sauran Turai da milimita. Kaliba .30 na nufin kashi 30 cikin 100 na inci, wato milimita 7.62 cif. Kaliba .22 kuma wajen milimita 5.56 ce. Tsakaninsu milimita biyu, kamar kaurin tsinken ashana. Ku riƙe wannan.

6/ Kayan gogewa kuwa huɗu ne tun da can har yau: sanda ko igiya da za ta ratsa bututun, buroshi na kankare dauɗa, ƙyalle na sharewa, sai mai ko ruwan wanki. Ukun farko duk da awon bututu ake yin su. Ba a yi musu "ɗaya ta ishi kowa" irin hular sanyi.

7/ Buroshi sai ya ɗan fi ramin faɗi kaɗan, don gashinsa ya shiga cikin tsagogin da ke murɗa harsashi. In ya yi ƙanƙanta zai wuce bai taɓa komai ba. In ya yi girma ba zai shiga ba, ko ya shiga ya maƙale. Haka ƙyalle. Sanda kuma in ta yi kauri ba ta shiga, in ta yi siranta da yawa ta lanƙwashe ta goga jikin bututu.

8/ Akwai kuma mazaunin harsashi, wato ɗan faffaɗan wurin da ke gindin bututu inda kwanson harsashi ke zama. Shi siffar kwanson yake bi. Misali 7.62×51 na NATO, da 7.62×39 na AK-47, da 7.62×54 na Rasha, faɗin bututunsu kusan ɗaya ne, amma lamba ta biyu tsawon kwanso ce, don haka mazauninsu daban-daban ne, buroshinsa ma daban.

9/ To mu koma baya. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan bindigar sarki a hawan sallah ya san bindigar ɗuri: a zuba albarushi ta baki, a danna da sanda. Wannan sandar a jikin bindigar take zama, ƙarƙashin bututu. Ita ce ta ɗuri, ita ce ta gogewa. Ba yadda za a yi a ba soja bindiga a manta da ita, don in babu ita babu harbi.

10/ Kuma baƙin albarushi ƙazami ne. Kusan rabinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake bari. Bayan 'yan harbe-harbe ramin ya fara cushewa, ɗuri ya koma wahala. Shi ya sa harsashin da Claude-Étienne Minié na Faransa ya fito da shi a 1849 ya karɓu: ya ɗan fi ramin ƙanƙanta, sai an harba gindinsa ke buɗewa ya kama tsagogin.

11/ Matsala ta fara ne da aka koma bindigar da ake sa wa harsashi ta baya. Yanzu sanda ba ta da aikin ɗuri, saura gogewa kawai. Sai wasu masu tsara makamai suka fara ganin ta a matsayin ƙarin nauyi. Na farkon da suka ɗanɗana kuɗar wannan tunani a labarinmu su ne sojojin dawakin Amurka.

12/ Bindigar Springfield ta 1873 iri biyu ce. Doguwar ta sojan ƙasa tana da sandarta. Gajeriyar ta mahaya dawaki babu. Kwanson harsashin lokacin kuma na jan ƙarfe ne, mai laushi. In bindiga ta yi zafi ta yi dauɗa, kwanso kan manne a mazauni, sai soja ya koma ƙwaƙule shi da wuƙa.

13/ Da irin wannan gajeriyar Laftanar Kanar George Custer ya shiga yaƙin Little Bighorn ranar 25 ga Yunin 1876, inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka shi da duk waɗanda ke tare da shi. Tonon da masana suka yi a filin a shekarun 1980 ya nuna kwansunan da suka maƙale ba su da yawa, ba su ne dalilin faɗuwarsa ba.

14/ Amma duk da haka sojan Amurka ta ɗauki darasi. Samfurin 1877 na gajeriyar bindigar ya zo da ɗan rami mai murfi a gindin ƙota, a ciki akwai sanda mai gaɓa uku da ɗan ƙarfen zaro kwanson da ya tsinke. Ku lura da shekarar, 1877. Za mu dawo kanta.

15/ A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 bindigar Lebel mai milimita 8 ta fito da shi. Daga nan kowa ya fara rage kaliba, daga wajen milimita 11 zuwa 8 ko 7. Ingila ta koma .303 a 1888. Toka ta ragu sosai, amma wata sabuwar cuta ta bayyana: bututu na yin tsatsa ko an shafe shi da mai.

16/ An daɗe ana ɗora laifin kan albarushi. Sai a 1922 Wilbert Huff, wani masanin sinadarai a hukumar ma'adinai ta Amurka, ya nuna inda gizo ke saƙar. Ɗan ɗigon sinadarin da ke gindin harsashi, mai tayar da wuta, yana ɗauke da fotasiyam kuloret. In ya ƙone sai ya bar wani gishiri, ɗan'uwan gishirin miya.

17/ Gishiri kuwa kowa ya san halinsa da damina: ya jawo danshi. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Abin da ke narkar da gishiri shi ne ruwa. Sojan Ingila dama sun gano maganin tun ba su san dalilin ba: a sa mazurari a zuba tafasasshen ruwa ta cikin bututu.

18/ Nan igiyar kakan babana ta shigo. Bindigarsu ita ce Lee-Enfield mai kaliba .303. A gindin ƙotarta akwai ɗan murfi, a ciki akwai kwalbar mai ta tagulla da wannan igiya a nannaɗe. A jefa ƙarfen ta baya, nauyinsa ya ja shi ya fito ta baki, a saƙala ƙyalle a madauki, a ja.

19/ Ƙyallen ma da awonsa: inci huɗu da inci biyu, daga wani nadin yadi mai layi-layi ake yanko shi. An auna shi ne daidai da ramin .303. In ka yanka ya wuce haka, igiya ta tsinke a ciki, ka shiga uku da sajan. In ka rage, ka yi aikin banza.

20/ Har jan igiyar da ƙa'ida. Dole a ja ta a miƙe. In tana gogar gefen bakin bututu, da ƙurar da ke jikinta, a hankali take cinye ƙarfen, harsashi ya fara kauce wa saiti. Masu gyaran makaman Ingila sun san wannan lahani sarai, suna duba shi in ana binciken bindigogi.

21/ Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen bariki a bataliyoyinsu na Najeriya, sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan tsakanin 1943 da 1945. Daji ne mai ruwa da laka. Kaka ta ce yakan ce musu, a can sai ka dafa wa bindiga ruwa kafin ka dafa wa kanka shayi. Sai yanzu na gane ba barkwanci yake ba.

22/ Kowace ƙasa da dabararta. Jamus a 1934 ta ba sojanta ɗan gwangwani mai ɗauke da sarƙa a madadin igiya, an lulluɓe sarƙar da ƙwayoyin alminiyam don kada ta karce bututun Mauser mai milimita 7.92. Rasha kuma ta riƙe sanda a ƙarƙashin bututun Mosin tun 1891, da ɗan murfin da ke kare bakin bindiga lokacin gogewa.

23/ AK-47 ta gaji wannan. Wanda ya taɓa lura da ita a hannun jami'an tsaro zai ga wani siririn ƙarfe kwance ƙarƙashin bututu. Sandar gogewa ce. Buroshi da sauran ƙananan kaya kuma suna cikin wani ɗan kwanso a gindin ƙota. Cikin bututun an shafe shi da kurom, wanda tsatsa ba ta kama shi da sauƙi.

24/ Amurka ma haka take. M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu, da M14 da aka amince da ita a 1957, duk kaliba .30 ne, duk da wurin ajiye kayan gogewa a ƙota. M14 har da kurom a bututu da mazauni, don yaƙin tsibiran Fasifik ya koya musu abin da danshi ke yi wa ƙarfe. Shekaru da dama duk rumbunan soja kayan .30 ne a ciki.

25/ Sai ga AR-15, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka tsara a kamfanin ArmaLite, Colt ya saye haƙƙinta a 1959. Alminiyam da roba, nauyi wajen kilo 3 inda M14 ke da wajen kilo 4, harsashi 5.56 wanda soja zai iya ɗaukar kusan ninki biyu. A Janairun 1963 sakataren tsaro Robert McNamara ya dakatar da ƙera M14.

26/ Aka raɗa mata M16. A yaƙin kwarin Ia Drang na Nuwamban 1965, Laftanar Kanar Hal Moore ya yabe ta sosai. Janar Westmoreland ya nemi a turo ta da yawa, da gaggawa. To a cikin wannan gaggawar abubuwa huɗu suka haɗu, kowanne shi kaɗai da sauƙi, haɗuwarsu ce bala'in.

27/ Na ɗaya, albarushi. An gwada bindigar da wani iri mai siffar ƙananan sanduna na kamfanin DuPont. A 1964 aka amince da wani daban mai siffar ƙwallo na Olin Mathieson, mai suna WC846, don cimma gudun harsashin da soja ta gindaya. Shi wannan ya fi barin dauɗa, kuma ya sa bindigar na gudu fiye da yadda aka tsara ta.

28/ Abin ya fi damun M16 saboda tsarinta. A AK da M14, iskar harbi wani fistin take turawa can gaba. A M16 wani siririn bututu ne ke kawo iskar har cikin sakatar bindigar. Wato duk dauɗar da albarushi ya bari, cikin cikinta take sauka, daf da mazaunin harsashi.

29/ Na biyu, ba a sa kurom a mazauni ba, duk da darasin Fasifik. A danshin Biyetnam mazauni ya fara tsatsa, ya yi ƙananan ramuka. In aka harba, kwanso ya kumbura ya shige ramukan ya kama. Ɗan ƙugiyar da ke jawo shi ta fizge gefen gindinsa ta wuce, kwanso ya zauna daram a ciki.

30/ Na uku, magana. An tallata bindigar a matsayin wadda ba ta buƙatar kulawa sosai. Kafin zancen ya iso kunnen ƙaramin soja ya zama wai ita ke wanke kanta. Da yawa an miƙa musu ita ne a can filin daga, ba horo na kirki, ba littafin bayani.

31/ Na huɗu shi ne maganarmu. M16 ta farko ba ta da sanda ƙarƙashin bututu, ba ta da rami a ƙota. Kayan gogewar 5.56 da aka tanada ba su kai yawan bindigogin ba, rukunoni da yawa sanduna ƙalilan suke rabawa. Sojan da ya miƙa M14 ɗinsa, kayanta sun tafi a ƙotarta.

32/ Ko da ya ɓoye su ma, me za su yi masa? Buroshin .30 ba ya shiga ramin .22. Ƙyallen da ke rumbu na .30 ne, sai an yanka shi gida huɗu. Buroshin mazaunin M14 ba siffar mazaunin M16 ba ce. Milimita biyun nan da na ce ku riƙe, su suka mayar da tarin kayan rumbu abin kallo.

33/ Ga inda abin ya fi ciwo. In kwanso ya maƙale a M16, hanya ɗaya tabbatacciya ta fitar da shi ita ce a zura sanda ta bakin bindiga a bugo shi. Wato sandar ita ce rigakafin, ita ce kuma maganin. Sojan da ke riƙe da bindiga mafi zamani a duniya ya koma yin abin da ɗan bindigar sarki ke yi, shi kuma ba shi da sandar.

34/ Sojoji suka fara rubuta wasiƙa gida: a je shagon kayan farauta a sayo musu sandar goge ƙaramar bindiga .22, irin ta harbin zomo, a aiko ta gidan waya. Wasu har da man shafawa na kasuwa mai suna Dri-Slide. Wanda ya samu sanda kuma ya haɗa ta tsaf ya ɗaure a gefen bindiga, don ba lokacin haɗa gaɓoɓi in wuta ta tashi.

35/ Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayun 1967, dakarun Marin suka gwabza a tsaunukan da ke kewaye da Khe Sanh, masu lamba 861 da 881. Ba su daɗe da karɓar M16 ba. Sama da 150 aka kashe, ɗaruruwa suka ji rauni. Daga nan wasiƙun da ke zuwa gida suka sauya launi.

36/ Wata wasiƙa da ta fito a wata jaridar New Jersey, ɗan majalisa James Howard ya karanta ta a zauren Majalisar Wakilai. Marubucin ya ce su 72 suka tafi a rukuninsu, 19 suka dawo, kuma kusan duk gawar da suka ɗauko sun tarar da bindigarta a warware kusa da ita, mai ita na ƙoƙarin gyarawa.

37/ A yi adalci: lissafinsa ya haɗa da waɗanda aka kwashe da rauni, kuma abokan gabarsu sun haƙa ramuka masu ƙarfi a tsaunukan, ko da wace bindiga aka je za a yi asara. Amma hoton nan na gawa da bindiga a warware ya tsaya wa mutane a rai, iyaye suka taso 'yan majalisa a gaba.

38/ Amsar manyan hafsoshi ta farko ita ce, laifin yaran ne, ba sa gogewa. Wallahi nan ne raina ya ɓaci da nake karantawa. Ka ba mutum bindiga, ka bar shi da labarin tana wanke kanta, ka hana shi sanda, sannan in ta ƙi tashi ka ce ƙazami ne.

39/ Wani matashin hafsa, Laftanar Michael Chervenak, bai haƙura ba. Ya rubuta wasiƙar da Washington Post ta buga a Oktoban 1967, ya ce a arangama ɗaya mutum 40 a kamfaninsa bindigoginsu suka ƙi fitar da kwanso, kuma suna gogewa. C. J. Chivers ya kawo labarinsa a littafinsa The Gun na 2010, ga mai son ƙari.

40/ Maganar Chervenak na da muhimmanci, don kada ku bar zaren nan da tunanin sanda kaɗai ce matsalar. Mazaunin da ya riga ya yi ramuka, ko ka goge shi sau goma zai ci gaba da riƙe kwanso. Da an raba kayan tun ranar farko, da mazaunai da yawa ba su kai ga haka ba. Da aka makara, sai an sauya bututu.

41/ Majalisar ta kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord na jihar Missouri. Suka fara zama a Mayun 1967, suka je har Biyetnam, suka fitar da rahoto a Oktoba. Sun tabo ƙarancin kayan gogewa da rashin horo, sun fi ɗora nauyi kan sauyin albarushi, sun ce sakacin wasu jami'ai ya kusa kai matsayin laifi.

42/ Wani abin da kwamitin ya bankaɗo: an bar kamfanin ya riƙa gwajin karɓar bindigogi da harsashi mai tsohon albarushi, wanda da shi suke cin jarrabawa, alhali wanda ake aikawa filin daga mai sabon ne. Kamar a gwada maka janareta da man gidan mai, a haɗo ka da jarkar 'yan bumburutu.

43/ Gyara ya zo kashi-kashi. Aka sa wani ƙarfe mai nauyi a ƙota don rage gudun sakata. Aka fara sa kurom a mazauni daga 1967, daga baya duk bututun. Aka gyara haɗin albarushin. Aka raba sabon mai mai suna LSA, da sanduna, da buroshin bututu, da buroshin mazauni na musamman, da ƙyalle daidai 5.56.

44/ A 1968 soja ta buga littafin kula da M16A1 a siffar littafin zane na barkwanci, Will Eisner ya zana. Sun san samari 'yan shekara 19 ba za su karanta doguwar takardar ofis ba, amma za su karanta wannan. Kusan duk abin da ke ciki maganar gogewa ce da sa mai.

45/ Sai a farkon shekarun 1970 ƙotar M16 ta samu ɗan rami mai murfi na ajiye sanda mai gaɓoɓi. Kun tuna 1877? Maganin da aka yi wa bindigar mahaya dawaki bayan Custer, shi aka sake ƙirƙirowa bayan shekara casa'in da ɗoriya, a soja ɗaya, ƙasa ɗaya.

46/ Ku kwatanta da Tarayyar Sobiyat. A 1974 su ma suka rage kaliba, daga 7.62 zuwa 5.45 a AK-74. Bututu ya zo da kurom ɗinsa, sanda na nan ƙarƙashinsa, ɗan kwanson ƙota na nan da buroshi daidai sabon ramin. Ba wai sun fi wayo ba ne. A tsarinsu sanda sashen bindiga ce, masana'anta ɗaya ke fitar da su tare.

47/ Kuma bindigar Stoner ba ta da laifin da aka ɗora mata. Bayan gyaran, jikokinta irin su M4 suna hannun sojan Amurka har yau, sama da shekara 50. Mafarauta da masu wasan harbi a can har yanzu dokarsu ke nan: sanda, buroshi da ƙyalle daidai kaliba, buroshin mazauni daidai kwanso, in harsashin tsohon yayi ne mai gishiri a fara da ruwa.

48/ Abin da na rubuta a ƙarshen aikina shi ne, a kwangilar makamai bindiga ce ke fitowa a hoto, ita ake ƙirgawa a jawabi. Sanda da buroshi layi ne na can ƙasan takarda, mai sauƙin yankewa in ana gaggawa ko ana tsimi. Wanda ya yanke layin ba shi ke hawa tsauni ba.

49/ Shi ya sa yanzu in na ji labarin an sayo sababbin bindigogi a ko'ina, musamman inda ake haɗa ƙirar ƙasashe daban-daban a runduna ɗaya, 7.62 iri biyu ga 5.56, tambayar da ke zuwa min ita ce: kowacce ta zo da kayanta? An koya wa masu riƙewa? Da yawanmu muna da ɗan'uwa a daji yanzu haka.

50/ Na kira Kaka na ba ta labarin ruwan zafi da gishiri. Ta ce, "Au, sai da ka biya kuɗin makaranta ka yarda?" Na roƙe ta igiyar in nuna wa malaminmu, ta ce ko da wasa, hoto dai in na koma. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare na bakin daga. Wanda ke da irin wannan kaya na kakanni a gida ya ajiye mana hoto a ƙasa, ina tarawa.